Shinkafar Lahadi

Ranar Litinin muka binne Baba. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke da hantsi, ƙasa ta yi laushi har masu haƙa ba su sha wuya ba. Daga bakin kabarin ana hango tafki, ya fara cika, ya yi fari da laka kamar yadda yake yi duk shekara in damina ta yi nisa. Matan zumuntar coci sun yi waƙa, ƙannena sun yi kuka, tsofaffin sojoji biyu da suka rage a yankinmu sun miƙe da ƙyar sun sara masa. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin ko kujerun da muka aro za su ishi baƙi. Har yau ban yi kuka ba. Abin da yake ta dawo mini shi ne wata damina da ta wuce shekara talatin, lokacin da ruwan nan ya yi irin wannan launi.

Sunansa Iliya, amma kowa Kofur yake ce masa, har jikokinsa. Ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa. Yana can aka rufe madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye ƙauyenmu na asali. Da ya dawo da akwatinsa na ƙarfe da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, sai ya tarar an kwashe mutane zuwa tudu, kusa da Wara, an zuba su a gidajen siminti masu kama ɗaya. Kabarin mahaifinsa da gonarsa suna ƙarƙashin ruwa. Abin da aka fito da shi daga gidansu shi ne tukunyar irin jar shinkafa, wadda kakarmu ta ɗauko a ka. Ita yake shukawa duk shekara a bakin tafki, ba ya yarda da wani iri.

Ba ya maganar yaƙi. Abu ɗaya muka sani, shi ma daga bakin Inna. Wata Lahadi ya wuni kwance a rami tsakanin gawawwakin abokansa, ya ce wa Ubangiji in ya fitar da shi, hannunsa ba zai sake taɓa kayan aiki ranar Lahadi ba har ya mutu. Ya riƙe wannan wa'adi kamar yadda yake riƙe komai. Da yammacin Asabar yake yanko wa awaki ciyawa, ya goge takalminsa, ya rataye fartanya da lauje a bayan ɗaki. Da safe ya sa kakinsa mai guga, ya ɗauki littafinsa, ya shige gaba, mu bi shi a jere zuwa coci.

Shekarar da nake magana a kai, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, allunan ofisoshi da yawa har lokacin sunan Sakkwato suke ɗauke da shi. Na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako. Ƙannena huɗu ne a bayana. Ruwan farko ya zo, muka shuka dawa da gero a gonar tudu, sama ta ɗauke, shukar ta ƙone. Aka sake ruwa, muka sake shuka, ta sake ƙonewa. Zafi ya yi tsanani har kaji suna buɗe baki a gindin randa. Da rana tsaka ba a jin komai a garin sai kukan kurciya.

Tafkin kuwa ya yi ta ja da baya, ya ja fiye da yadda kowa ya taɓa gani. Jiragen masunta suka kwanta a kan busasshiyar laka, nesa da ruwa. Sai kututturan itatuwa suka fara leƙowa, sannan duwatsun murhu, sannan dutsen niƙa. Tsohon ƙauye ne ya fito. Wata safiya Baba ya ce in biyo shi. Muka yi tafiya mai nisa a kan lakar da ta tsattsage, tana wari kamar tsohuwar randa. Ya tsaya a wajen wani kututturen giginya, ya dafa shi, ya ce daga nan zuwa wancan dutse gonar mahaifinsa ce. Ya duƙa ya tona da yatsa. Ƙasar baƙa ce, tana da danshi. Ya daɗe yana murza ta a hannu. A hanyar dawowa ya ce bana a nan za mu zuba irin shinkafa, dukkansa.

Maƙwabcinmu masunci ne, Malam Garba, muna ce masa Baba Garba. Katanga ɗaya ta raba mu. Shi da Baba sun fi shekara ashirin suna tsokanar juna, shi yana ce wa Baba sojan da ba shi da bindiga, Baba yana ce masa malamin da ke warin kifi. Da ya ji labari, ya zo har tsakar gida ya zauna a kan turmi, ya ce wurin ya yi ƙasa da yawa, a raba irin biyu, a sa rabi a sama inda aka saba. Baba ya ce a nan aka haife shi, ya san kogin nan, ruwa bai taɓa wuce giginyar ba sai bayan an gama yankan shinkafa.

"Kofur, kogin da ka sani ya mutu kana wurin yaƙi," in ji Baba Garba. "Wanga ruwa ƙofa gare shi, kuma mabuɗin na hannun waɗansu. Ba su san giginyar ubanka ba."

Baba ya yi dariya, ya ce masunci ya tsaya a kan kifinsa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Muka zuba irin dukkansa. Kullum kafin rana ta fito mun kama hanya, Inna da ƙullin dafaffen rogo, ni da gorar ruwa. Shinkafar ta fito kamar an ja ta da hannu. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ga shi ko'ina a tudu jan ƙasa ne da ƙonannen kara. Mutane suna zuwa kallo. Da ruwan sama ya dawo a makare, muka yi ciran ciyawa cikin taɓo, matsattsaku suna manne mana a ƙafa, mu cire su mu ci gaba. Da ta fitar da kai, tsuntsaye suka sauko, ƙannena suka koma kwana da tashi da gwangwani a hannu, muryarsu ta dishe. A gida kuwa rumbu ya kusa ƙasa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sauran kwaɗon rama da tafasa. Ba wanda ya yi ƙorafi, domin kowa ya ga abin da ke tsaye a gona.

Sai ruwa ya juyo. Baba ya kakkafa karare a jere daga bakin ruwa zuwa gona, kamar sojoji a fareti, kullum da safe ya je ya ga wanda ruwa ya ci. Da farko ɗaya yake ci a rana. Baba ya yi lissafinsa, ya ce za mu yanke mu kwashe kafin ya iso. Daga baya aka yi ruwan sama mai ƙarfi a arewa da mu, tafkin ya yi fari, ya fara cin karare uku, huɗu. Ranar Asabar Baba Garba ya tare mu a hanya, ya ce a yanke yau, ko da ba ta gama bushewa ba. Baba ya ɓare zangarniya ɗaya, ya ciza ƙwayar, ya ce rana biyu take so. Ya nuna giginyar, ruwa bai kai ta ba tukuna. Ya riga ya kira gayya ranar Litinin, Inna ta jiƙa ɗan geron da ya rage don kunun masu aiki. Da yamma ya rataye laujensa a bayan ɗaki.

Da sassafen Lahadi Baba Garba ya yi sallama. Wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya ce daga duba komarsa ta kamun kifi yake, giginyar ta nutse, ruwa yana cikin gona, yana kuma hawa ana gani. Ya ce jiragensa biyu suna bakin ruwa, 'ya'yansa suna jira. Baba yana tsaye a ƙofar ɗaki, ya gama ɗaure igiyar takalmi. Ya dubi lauje, ya dubi ƙasa.

"Na gode, Malam. Yau Lahadi."

Ya ɗauki littafinsa ya fita. Ƙannena suka bi shi, don haka aka saba. Inna ta riga ta ɗaura zanen zumunta. Ta tsaya har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanenta na gona. Ta ce, "Rifkatu, ɗauko laujen nan, har da nasa."

Muna cikin jirgi muka ji an buga ƙarfen coci, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiya. Sautin ya biyo kan ruwa ya same mu sarai. Inna ba ta waiwaya ba. A gona ruwan ya kai mana cinya, mai sanyi, mai kauri. Kawunan shinkafar kaɗai suke a sama, suna kaɗawa. Muka dira, mu biyu da Baba Garba da 'ya'yansa uku, muna yankan kai muna jefawa cikin jirgi. Tururuwa da kunamu da ruwa ya koro sun taru a kan zangarniya, suna hawa hannu. Da rana ta take, ruwa ya kai ƙugu. Da la'asar ya kai mini ƙirji, Inna kuwa gajera ce, sai ta koma cikin jirgi tana yanka a kwance a kan cikinta. Baba Garba ya yi sallolinsa a jirgin, a kan damin shinkafa. Da aka daina ganin kawunan, muka juyo. Abin da muka ceto bai kai rabi ba.

Baba ya dawo daga sujadar yamma ya tarar da shinkafa shanye a tsakar gida. Ya tsaya ya dube ta. Ya zaga gidan Baba Garba ya yi masa godiya yadda ya kamata, shi da 'ya'yansa, ɗaya bayan ɗaya. A addu'ar gida ya gode wa Allah saboda maƙwabta, da matar da ya ba shi. Bai yi faɗa ba. Da safe ya ja 'yan gayya suka tafi, suna nutso suna yanka a ƙarƙashin ruwa da lalube. Suka kawo jirgi guda. Wannan ta kwana a ruwa, ga shi rana ta ƙi fitowa kusan mako. Ta yi baƙi, wata ta tsiro, tana warin tsami. Ya shanya ta a tabarma dabam, a can gefen rumbu.

Ranar da Inna ta fara tuƙa tuwon sabuwar shinkafa, gidan ya cika da ƙamshi, ƙannena suna zagaye da murhu. Na kai wa Baba nasa. Ya buɗe, ya tambaya daga wace tabarma. Na faɗa masa. Ya rufe kwanon a hankali ya tura mini.

Inna ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce hannunsa bai taɓa lauje ba, ita ta yanka, in akwai laifi nata ne.

"Babu laifi a kanki, Saratu. Wa'adina ne, ba naki ba. Ku ci, yara su ci. Amma in na ci, na aike ki kin yi mini aikin ke nan, ni kuma ina coci da takalmi mai ƙyalli."

Daga ranar gidanmu ya koma tukunya biyu. Yara suka raɗa musu suna, ta Lahadi da ta Litinin. Ta Lahadi ja ce, mai daɗi. Ta Litinin baƙa ce, tana da ɗaci, tuwonta ba ya kama jiki. Baba yana cin ta yana suɗe hannu, ya ce a daji sun ci abin da ya fi ta muni. Fasto ya zo ya zauna da shi, ya ce Allah bai hana ceton abin da zai halaka ranar hutu ba. Baba ya ce ya sani, shi ma yana karantawa, amma ba fasto ne ya kwanta a ramin ba. Fasto ya sha ruwa ya tafi.

Gonar tudu ba ta ba da komai ba sai kara. Inna ta auna ta Lahadi da ido, ta zaɓi kawunan da suka fi cika, ta zuba a tsohuwar tukunyar kakarmu, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. Sauran ta dinga tsakura mana. Ta Litinin ta ƙare kafin Kirsimeti. Daga nan Baba ya koma garin rogo in an samu, da ganye, da 'ya'yan bado da muke tsinkowa a bakin ruwa. Baba Garba yana turo ƙananan kifi busassu. Wani lokaci ya kawo da kansa, ya ajiye a gaban Baba, ya ce ranar Talata aka kama su, in bai yarda ba ya tambaye su.

Bazara ta shigo. Yunwa ba ta da hayaniya, abin da na koya ke nan. Yara sun daina wasa, suna kwance a inuwa. Mu da muke samun ɗan tuwo ma kanmu yana juyawa in mun miƙe. Baba ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, daga baya ya ƙara wani. Kakinsa ya koma kamar na aro. Yana tashi yana zuwa gyaran gona, yana dawowa ya zauna ya jingina da bango, idonsa a rufe. Ina kallonsa ban ji komai ba, kamar ina kallon bango. Ina dai lura cewa wuyansa ya yi tsawo.

Wata Lahadi yana tsaye a gaban jama'a yana karatu, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya dafa teburi, ya zame. Aka ɗauko shi a kafaɗa zuwa gida. Inna ta dama kunun shinkafa, ta kawo. Ya buɗe ido ya shaƙi ƙamshin, ya juya fuska ga bango. Ta ajiye ƙwaryar. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"To, ka ji. In yunwa ta kashe ka, Kofur, ranar Lahadi zan sa a haƙa maka. Da diga, da shebur, kowa yana gani."

Kafaɗarsa ta girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake yi, marar sauti. Amma bai sha ba. Baba Garba ne ya kawo romon kifi, shi ya tashe shi.

Da tafki ya sake ja, lokacin zuba iri ya yi, gidanmu ba shi da jar shinkafa ko ƙwaya ɗaya sai wadda ke cikin tukunyar nan. Ta Litinin ko da ta rage ba za ta tsiro ba. Baba Garba ya ce zai samo masa farin iri a Yelwa, irin wanda kowa ya koma shukawa, a huta da rigima. Baba ya ce zai yi tunani. Kwanaki yana wucewa ta gaban tukunyar ba ya dubanta. In ya karɓi farin iri, shinkafar mahaifinsa ta ƙare a hannunsa, domin yunwa za ta sa mu fasa tukunyar mu ci. In ya shuka ta, abin da zai ci har ƙarshen ransa daga aikin Lahadi ya fito. Ba wanda ya faɗa masa wannan. Kowa ya san ya sani.

Wata Litinin da safe, bayan addu'a, ya daɗe a durƙushe bayan mun tashi. Sannan ya miƙe ya ce, "Saratu, ina tukunyar?" Ta nuna masa da baki. Ya ɗauke ta da kansa, ya ƙi a taya shi, yana tafiya yana hutawa. A bakin ruwa ya tsaya ya kira Baba Garba, ya ce masunci ya nuna masa inda ruwan masu mabuɗi yake tsayawa. Baba Garba ya nuna, wannan karon ko tsokana babu. A nan muka zuba.

Da kaka ta yi, Inna ta tuƙa tuwo, tukunya ɗaya. Ta kai masa da kanta, ta tsaya, ta ce ya dai san ta Lahadi ce. Ya wanke hannu, ya yi addu'a doguwa, ya gutsura.

"Uwarta ce ta Lahadi," ya ce. "Ita wannan, ni na shuka ta, ranar Litinin."

Ya ci har ya nemi ƙari.

Ya rayu bayan wannan fiye da yadda kowa ya zata. Ya aurar da mu duka, ya riƙe jikoki a gwiwa, ya ga 'ya'yansu. Ya tsaya a gefe, hula a hannu, ranar da aka yi wa Baba Garba sallar jana'iza. Tsohon ƙauyen bai sake fitowa ba. Yanzu jirage suna da inji, labarin ruwa yana zuwa ta rediyo da waya tun kafin ya iso, ƙanena da ke noma gonar ba ya kafa kara. Amma jar shinkafar yake shukawa. Ita aka dafa wa baƙi a zaman makoki. An zuba mini, na ci, ban ji ɗanɗanonta ba.

Da asubar Lahadi Baba ya cika, a ɗakinsa, takalminsa a goge a bakin gado, jikansa ya goge masa tun Asabar. Bayan an tashi daga sujada, matasan coci suka zo da diga da shebur. Suka ce da zafin nan da danshi gara a haƙa yau, a sa shi kafin yamma. Fasto ya yarda, ƙannena suka yarda, ni ma na ce to. Inna tana zaune a ƙofar ɗakin, idonta ya kusa tafiya, sai an riƙe ta take miƙewa. Ta ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, ta tambaya mene ne. Aka faɗa mata.

"Ku jingina su a bayan ɗaki," ta ce. "Sau ɗaya na yi masa, ya isa. Gobe Litinin."

Suka jingina su a inda yake rataye laujensa. Muka zauna muna yi masa fifita har gari ya waye.